Yadda ake samun aiki a cikin jami'a a Amurka, da yadda Work-Study yake tafiya

Duk farkon zangon karatu sai na haɗu da sabon ɗalibi riƙe da takardar tallafin da jami'a ta aiko masa, yana tambayar ranar da za a tura masa dala 3,000 da ya gani a layin Work-Study. Babu wanda zai tura masa ko sisi. Wannan adadi iyakar abin da zai iya samu ne idan ya nemi aiki, aka ɗauke shi, ya yi awannin. Wanda bai nema ba, shekara za ta ƙare kuɗin na nan a takarda.

Ka fara da sanin rukunin da kake. Work-Study shiri ne na gwamnatin tarayyar Amurka da aka kafa a 1964 don ɗaliban da ke da buƙatar tallafi, kuma ƙofar shigarsa ita ce cike FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, kowace shekara. 'Yan ƙasa, masu katin zama na dindindin da waɗanda aka ba mafaka su ne ke shiga. Idan da bizar F-1 ka zo, wato bizar ɗaliban ƙasashen waje, wannan shirin ba naka ba ne, kada ka ɓata lokaci a kansa. Naka shi ne aikin da jami'a ke biya daga aljihunta, kuma doka ta ba ka awa 20 a mako muddin ana karatu, lokacin hutu kana iya yin cikakken aiki. Kada ka yarda wani ya ja ka zuwa aikin shago a wajen makaranta wai za a biya ka a hannu. Bizarka kake wasa da ita.

Idan kana cikin masu Work-Study, ka faɗi haka a layin farko na duk wasiƙar neman aiki da za ka rubuta. A mafi yawan ayyukan, gwamnati ce ke biyan har kashi 75 cikin ɗari na albashinka, sashen da ya ɗauke ka ya cika sauran. Kai ma'aikaci ne mai araha a wurinsu, shi ya sa wasu gurabe ma sai masu wannan tallafin kaɗai ake ba.

Wurin da ni na yi kuskure shi ne lokacin nema. A shekarata ta farko na ce bari in saba da darussa tukuna, in gane hanyar aji, sannan in nemi aiki. Sai a mako na uku na shiga laburare na tambaya. Matar da ke teburin ta juyo mini da jadawalin da ke manne a bango, kowane gurbi da suna a ciki, ta ce sun gama ɗauka tun kafin a buɗe makaranta. Na ƙare a ɗakin cin abinci ina wanke faranti har dare, takalmina kullum a jiƙe, ga darasin ƙarfe takwas na safe yana jirana. Saboda haka ka fara leƙa shafin ayyukan ɗalibai na jami'arka mako uku ko huɗu kafin a koma. Jami'o'i da yawa a manhajar Handshake suke saka tallan. Amma kada ka tsaya ga intanet kawai. Ka buga takardar bayananka shafi guda, ka haɗa da jadawalin darussanka, ka taka da ƙafarka zuwa laburare, ɗakin kwamfuta, wurin motsa jiki da ofishin sashenku. Ka gaida sakatare, ka tambayi wanda ke ɗaukar ɗalibai. Abin da mai ɗauka ke son gani kafin komai shi ne awannin da ba ka da aji. Wanda ya ce zai iya safiyar Litinin ko daren Juma'a, lokacin da kowa ke gudu, shi ake fara kira.

Ni a wurina aikin tebur ya fi komai ga ɗan shekarar farko, ko da albashinsa bai kai na kicin ba, domin idan babu mutane kana iya buɗe littafinka. Daga shekara ta biyu kuwa ka nemi malamin da ke buƙatar mataimaki a bincikensa. Shi ne zai rubuta maka wasiƙar shaida nan gaba.

Da an ɗauke ka, ka zauna ka yi lissafi a ranar. A ce an rubuta maka dala 3,000, ana biyanka dala 15 a awa. Awa 200 ke nan. Ka raba su a kan kusan mako 30 na zango biyu, ba su kai awa 7 a mako ba. Idan ka biye wa daɗin albashi kana yin awa 15, cikin mako 13 ka cinye kason duka, zango na biyu ka shiga hannu rabbana sai in sashen ya yarda ya ci gaba da biyanka da kuɗinsa. Ka tambayi shugabanka tun farko ko suna yin haka. Albashi kuma ba zai gaza mafi ƙarancin na tarayya ba, dala 7.25 a awa, kodayake jihohi da dama sun ɗaga nasu sama da haka.

Saura takardu. Za a ba ka fom ɗin I-9 na tabbatar da izinin aiki, kuma ainihin takardunka ake so a gani, hoton fasfo a waya ba ya yi. Sai W-4 na haraji, sai lambar asusun banki. Mai F-1 da ba shi da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke bayarwa don aiki da haraji, ya karɓi wasiƙar ɗauka aiki, ya kai ofishin ɗaliban ƙasashen waje su ba shi tasu wasiƙar, sannan ya je ya nemi lambar. Albashin kuwa a hannunka ake ba ka, ba a cire shi kai tsaye a zuba a kuɗin makaranta sai ka nemi a yi hakan. Ana biyan haraji a kansa, amma ba a lissafa maka albashin Work-Study a matsayin kuɗin shiga da zai rage tallafinka na baɗi. Ka riƙa cike awanninka a ranar da ka yi su, don idan ka tsallake ranar miƙawa sai biya na gaba.