Yadda zaka riƙe sito da jigilar kaya a gem ɗin kasuwanci ba tare da jarinka ya kwanta ba

Duk mai buga irin gem ɗin nan na kasuwanci ya san akwai wani mataki da ake kaiwa, shago ɗaya ya zama uku, uku sun zama biyar, kuɗi na shigowa amma kai mai kamfanin ka koma ɗan dako. A gem ɗin Big Ambitions, wanda kamfanin Hovgaard Games na ƙasar Denmark ya saki a dandalin sayar da gem na Steam a 2023, abun a fili yake, kai da kanka zaka tuƙa mota a titunan New York zuwa wajen 'yan sari, ka loda kwalaye, ka nemi wajen fakin, ka sauke a shago, kafin ka gama da shagon unguwar Hell's Kitchen, kayan shagon unguwar Midtown sun ƙare tas kwastomomi suna juyawa. To a nan ne ake buƙatar sito, kuma a nan ne mutane da yawa suke karyewa, saboda suna ɗaukar sito a matsayin wajen tara kaya, sai su cika shi maƙil har rufi suna jin daɗin ganin kantoci a cike, alhali kuɗinsu ne kwance a wajen yana bacci ga haya tana ci kullum.

Abu na farko da zaka sauya a kanka shi ne yadda kake ƙirga kaya. Ka daina cewa ina da kwali ɗari biyar. Ka ce ina da kayan kwana nawa. Kwali ɗari biyar na kayan da ake saya ɗari huɗu a rana, gobe da rana ka shiga uku kenan, kwali ɗari biyar na kayan da ake saya biyar a rana kuwa kwantai ne na wata uku da ɗoriya. Lamba ɗaya ce amma ɗaya yunwa ɗaya asara. Duk sauran lissafin daga nan yake tasowa.

Bari mu yi misali da lambobi don ya zauna. A ce kana da shaguna uku masu sayar da lemon gwangwani, na farko yana sayar da 120 a rana, na biyu 80, na uku da yake unguwa mai cunkoson mutane yana sayar da 200. Jimla 400 kenan a rana. A ce kuma kayan da kake shigowa da su sau ɗaya suke zuwa a sati. Kwana bakwai sau 400 ya ba ka 2,800, wannan shi ne abun da dole ya kasance a sito ranar da kaya suka sauka in dai kana so ka ga ƙarshen satin lafiya. Sai ka ɗora na ko-ta-kwana a kai, ni a ganina kayan kwana biyu sun isa, wato 800, ka ga oda ta tsaya a 3,600. Ba 10,000 ba don kawai akwai wuri a kanta. Wannan rarar 6,400 da baka saya ba kuɗin buɗe shago na huɗu ne.

A ɓangaren shago kuma lissafin ya fi ƙanƙanta tunda daga sito kullum ake kawo masa. Ka duba ranar da ta fi kowacce ciniki a sati, ba matsakaicin sati ba, ka sa wannan adadin da rabinsa a kai a matsayin abun da za a riƙa cike masa. Shagon da ke sayar da 200 a ranar da ya fi cika, 300 ya wadatar. Sannan ka leƙa bayan shagon ka tabbatar kantocin ajiyarsa za su ɗauki abun da ka rubuta, don in ka ce a kawo 1,000 wurin kuma 400 yake ɗauka, sauran ba inda za su shiga.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a tsaya a kansa. Lambar cinikin da gem yake nuna maka, abun da aka sayar ne, ba abun da mutane suka zo nema ba. In lemon ya ƙare ƙarfe uku na rana shagon kuma sai tara na dare yake rufewa, rahoto zai ce ka sayar da 200, kai kuma ka sake sa 200, gobe ya sake ƙarewa ƙarfe uku, haka zaka yi ta zagaye kana ganin kamar komai daidai tunda duk abun da aka kawo yana ƙarewa. Ƙarewar kaya tas ba alamar nasara bace. Maganinsa ka cika shagon fiye da kima na sati ɗaya da gangan, ka bari a yi ciniki ba tare da kanta ta taɓa zama fayau ba, lambar da ta fito a satin nan ita ce ta gaskiya, da ita zaka yi aiki.

Yanzu maganar inda zaka kafa siton. Kafin ka biya haya ka fara gano wane irin gem kake bugawa, don kashi biyu ne. Akwai wanda motar take tafiya da gaske a kan taswira, nisa yana cin lokaci da kuɗi, akwai kuma wanda kayan kawai suke ɓacewa a nan su bayyana a can. A Big Ambitions in ka kafa hedikwata ka ɗauki manajan jigila da wakilin sayayya, ka zuba kantoci a sito ka sa mota da direba, da daddare ake raba kayan ka wayi gari ka gansu a shago, don haka ba wata hikima a biyan haya mai tsada wai don sito ya matso kusa da shaguna, abun da zaka duba girman wurin ne da yawan motocin da zai ɗauka da kuma shaguna nawa za a iya kai wa daga cikinsa. A gem ɗin Capitalism Lab kuwa kuɗin dako yana hawa kan farashin kayan gwargwadon nisa, ka sayo abu mai araha daga wani gari mai nisa sai ka tarar dakon ya cinye ribar tun kafin ya hau kanta.

Anno 1800 na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2019, nasa salon daban ne kuma yana rikita sababbin shiga. Duk situnan da ke tsibiri ɗaya ajiyarsu ɗaya ce, ka sauke katako a wannan ka ɗauka a wancan. Abun da ke kashe mutum a can layi ne. Kowane sito yana da iyakar keken da zai iya saukewa a lokaci guda, in ka jibge masana'antu takwas a kan sito ɗaya sai ka ga kekunan doki sun yi jerin gwano a ƙofa suna jira, masana'anta kuma in ɗan wurin ajiyarta ya cika tsayawa take yi cak. Mutum sai ya ga kaya sun yi ƙaranci ya ƙara gina masana'anta, layin ya ƙara tsawo. Ka matso da kyamara ka kalli ƙofar siton na minti ɗaya kawai, in akwai masu jira ka ɗaga darajarsa ko ka gina wani a gefe, yafi arha nesa ba kusa ba.

OpenTTD ma, gem ɗin sufuri da aka gina a kan Transport Tycoon Deluxe na Chris Sawyer na 1995, kyauta ne kuma makaranta ce mai kyau a wannan fannin. Kuɗin da ake biyanka yana ƙaruwa da nisa amma yana raguwa da yawan kwanakin da kaya suka yi a hanya, tashar da aka bar kaya suna jibge ba a zuwa ɗauka kuma makinta yana faɗuwa, masana'antar ta rage abun da take ba ka. Shi ya sa umarnin nan na sai mota ta cika kafin ta tashi yake da amfani a wajen da kaya ke fitowa da yawa kamar mahaƙar kwal, amma a ƙaramar tasha sai jirgin ƙasa ya yi ta zama yana jiran cikon da ba zai zo da wuri ba, kuɗin kula da shi na tafiya. A irin wannan wurin gara ƙaramin jirgi mai yawan zuwa.

Sai babban ciwon, wanda ba a gem kaɗai yake ba. Tun shekarun 1960 a jami'ar MIT ta Amurka, a ƙarƙashin aikin farfesa Jay Forrester, aka ƙirƙiro wani wasan koyarwa da ake kira Beer Game, mutum huɗu ne a jere, mai shago da ɗan sari da mai rarrabawa da masana'anta, kowa yana yin oda daga na gaba da shi kuma kaya suna ɗaukar makonni kafin su iso. Buƙatar kwastoma sau ɗaya tak take canzawa, daga katan 4 a sati zuwa 8, ta tsaya a nan. Amma da yake kaya basa zuwa nan take, mai shago sai ya firgita ya ƙara oda, bai ga kaya ba ya sake ƙarawa, ɗan sari ya ga odar ta yi tsalle shi ma ya ninka tasa, kafin ta kai masana'anta abun ya zama tashin hankali, daga baya kayan su taho gaba ɗaya kowa ya rasa inda zai zuba su. Masana suna kamanta abun da bulala, ɗan motsi kaɗan a hannu, can bakinta kuwa sai ta yi tsalle mai nisa. Daidai abun da kake yi kenan duk ranar da kanta ta ƙare ka shiga da fushi ka ninka oda sau uku. Kafin ka ƙara ko gwangwani ɗaya, ka haɗa abun da ke sito da abun da ke shaguna da abun da ke hanya wanda ka riga ka biya bai iso ba. Wannan na ukun shi ake mantawa. In zaka ƙara ka ƙara kaɗan, ka jira zagaye ɗaya ya cika ka ga sakamako, sannan ka sake taɓawa.

Wasu za su ce ai Toyota ta yi suna da tsarin kawo kaya daidai lokacin da ake buƙatarsu ba tare da tara komai ba, tsarin da ake dangantawa da injiniyanta Taiichi Ohno, me zai hana a yi haka. A gem ma ya fi sauƙi, don a duniyar gaske jirgin ruwa ɗaya mai suna Ever Given ya toshe mashigin Suez kwana shida a watan Maris na 2021 kasuwar duniya ta rikice, a yawancin gem kuwa ranar da aka ce kaya za su zo ranar suke zuwa. Duk da haka ban yarda a sauke na ko-ta-kwana zuwa sifili ba, saboda ko isowar kaya bata canzawa ciniki yana canzawa, ka yi talla ko abokin hamayya ya rufe shagonsa sai mutane su yi maka ca.

Kuma ba kowane kaya ne ya cancanci ka ɓata masa lokaci iri ɗaya ba. Ka jera kayanka bisa ribar da suke kawowa, zaka ga ƙalilan ne a sama suke ɗauke da kamfanin. Waɗannan su zaka riƙa dubawa duk sati, ka ba su rara mai kauri. Na ƙasan ka sa musu lamba sau ɗaya ka manta da su. Ka lura da girman kwali ma, kayan ado masu tsada ɗan wuri kaɗan suke ci a kanta, lemon gwangwani da kayan ci kuwa su cinye rabin sito ribarsu 'yar kaɗan, in wuri ya matse ka san wanda zaka rage.

Game da girman oda akwai wani tsohon lissafi da wani injiniya Ford Harris ya fitar a 1913, wanda har yau ake koyarwa. Ba sai ka haddace shi ba, abun ɗauka a ciki shi ne in kowace oda tana da kuɗinta na dako ko na hidima, ajiya ma tana da nata kuɗin, to girman odar da ya fi dacewa baya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciniki. Ciniki ya ninka sau huɗu, girman oda sau biyu kawai ya kamata ya ninka, sai dai ka riƙa yinta akai-akai. Wannan yana aiki ne a gem ɗin da ya bar ka ka zaɓi ranar oda da kanka, in an ƙayyade maka sau ɗaya a sati to ka koma kan lissafin kwana bakwai da muka yi a sama.

Sito na biyu fa, yaushe? Sai ɗaya daga cikin biyu ya faru, ko wuri ya ƙare bayan ka riga ka zubar da kwantai, ko motocinka sun kai iyakar shagunan da za su iya kai wa. In nisa yana cin kuɗi a gem ɗin ka raba su bisa yanki, kowane sito da shagunan kusa da shi. In nisa baya cin komai ka raba su bisa nau'in kaya, na tufafi daban na abinci daban, don ranar da wani abu ya ƙare ka san ƙofar da zaka buɗe.

Ranar da kaya suka yanke a wani shago kuma kar ka fara da oda, ka bi sawu daga shagon ka koma baya. Akwai wurin ajiya a shagon? Lambar da ka sa wa manaja ta kai? Motar tana da direba, ko ya ajiye aiki baka lura ba? Kayan suna sito? In basa nan, odar ta fita kuwa, ko kuɗin asusunka ne basu kai ba ranar biya? Sau da yawa matsalar tana mataki na biyu ko na uku, amma bayan buɗe sabon shago matsalar takan zama ta oda ce, mutum ya ƙara shi a jerin wuraren da mota zata je amma bai ƙara odar shigo da kaya ba, sabon shagon ya kwashe rabon tsofaffin zuwa Alhamis kowa ya zama fayau. Don haka odar zaka fara ɗagawa, zagaye ɗaya kafin ranar buɗewa, kayan su sauka a sito tukunna sannan ka buɗe ƙofa.