Sa Wa Mai Bororon Fata Barci Kafin Tiyata

Duk ranar da aka kawo mini yaro mai ciwon epidermolysis bullosa, wato ciwon da ke sa fata ta riƙa yin bororo tana ɗayewa da sauƙi, filasta nake fara kawarwa daga ɗakin tiyata. Goga ce ke ɗaye fatarsa, dannawa a hankali ba ta cika yi masa illa ba. Shi ya sa ɗaga shi muke yi cak, ba a jan sa a kan zanin gado.

Takunkumin iska kuwa, sai na shafe shi da basilin, har yatsuna. Auduga nake naɗawa a damtse kafin awon jini, allurar jijiya in ɗaure ta da bandeji.

Ka duba bakinsa tun kafin ranar tiyata. Tabo yakan ƙuntata shi sosai, don haka ka tanadi bututun numfashi ƙarami, ka zura shi sannu.