Yadda Ake Koya wa Yara Amfani da Kalmar Zuciya

A garuruwan Maiwurno da Gadarif na ƙasar Sudan, inda Larabci ya zauna a bakin yaranmu, yaro kan ce "za'alan" ko fushi yake yi ko ransa ne ya sosu, alhali Hausa ta rarrabe waɗannan da kalmar zuciya.

A fara da "ya yi zuciya", wato ya fusata har ya ƙi karɓar abin da aka miƙa masa, kamar yaron da aka yi wa faɗa ya bar tuwonsa. Sai a koya masa "mai zuciya", kuma a nan ya kamata iyaye su daɗe, domin takan zama yabo ga jarumin da ba ya son raini ko zaman banza, takan kuma zama gargaɗi game da mai saurin fushi, sai yanayin magana ne ke bambancewa. Kishiyarta ita ce mutuwar zuciya, kalma mai nauyi da bai dace a jefi yaro da ita ba.

Sauran suna da sauƙi: ajiyar zuciya numfashin damuwa ne ko na samun sauƙi, wadatar zuci kuwa gamsuwa ce da abin da Allah ya ba mutum.