Darasi na 9: Idan kwamfuta ta ƙi ganin Wi-Fi bayan an zuba mata Ubuntu

Da yawa daga kwamfutocin da kuke kawowa aji na hannu ne, an shigo da su Maradi daga Kano ta Jibiya da Ɗan Issa. Windows 10 ɗin da ke cikinsu, Microsoft ta daina kula da shi tun 14 ga Oktoba 2025, shi ya sa muke zuba musu Ubuntu, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. To an gama zubawa, ka duba kusurwar sama ta hannun dama, babu alamar Wi-Fi. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ba ka ɓata komai ba. A cikin kwamfutar akwai wani ɗan kati mai kamo rezo, kuma ba ya aiki sai da ƙaramar manhajarsa da ake kira direba. Katin Broadcom ya fi yin wannan hali. Direban yana intanet, intanet ɗin kuma ba ya samuwa sai da direban. Salularka ta Android ce za ta raba gardamar.

Ɗauko salula mai data da igiyar caji. Ƙaramin bakin igiyar ya shiga salula, babban ya shiga ramin USB na kwamfuta. Igiya ce farko. Kada ka taɓa komai a salular sai igiya ta shiga.

Yanzu a salular buɗe Paramètres, nemi Partage de connexion, kunna Via USB. Idan rubutun ya yi toka-toka, ka danna ya ƙi, igiya ba ta shiga ba. Cire ta, mayar da ita. Ya ƙi har yanzu? Wata igiyar caji kawai take yi, ba ta ɗaukar saƙo. Aro ta maƙwabcinka. Ba abin kunya ba ne, kowa ya taɓa tuntuɓe a nan.

Na sake faɗa: igiya, sannan dannawa. A ajin da ya wuce na faɗi wannan har muryata ta dushe, amma wasu dattawa suka zauna suna danna rubutu mai toka, igiya na cikin aljihu, suna cewa "Malam, salular ce ta lalace." Haba jama'a! Wanda bai jona igiya ba kada ya ɗaga mini hannu.

Alamar intanet za ta fito a waccan kusurwa ta dama. A kwamfutar buɗe Pilotes additionnels, jira kaɗan, zaɓi layin da ke da sunan Broadcom, danna Appliquer, sa kalmar sirrinka. Kashe kwamfutar ka kunna. Yanzu cire igiya.

Darasi na 10: Idan babu komai a jerin Pilotes additionnels

Sayi ɗan kile na Wi-Fi, wato ƙaramar na'ura mai kamo rezo da ake sawa a ramin USB, a kasuwa. Gwada shi a gaban mai shago kafin ka biya.