Kafin ki cire yaro daga makaranta a Amurka, karanta wannan

Jama'a wannan shekarar kaɗai iyali uku na gani a Bronx, nan birnin New York, sun yi abin da na yi, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai tsira. Mutum ya iso jiya jiya, ya ji a masallaci an ce ai a Amurka kana iya koyar da ɗanka a gida, washegari sai ya hana yaro zuwa makaranta ya kai shi hadda. Haka kawai, ba takarda ba komai.

Eh gaskiya ne, karatun gida halal ne a duk jihohi 50, ba kamar Jamus ba da suka haramta shi. Amma kowace jiha da dokarta. Yayarki da ke Texas ko New Jersey in ta ce miki ita ba ta cike fom ko ɗaya ba, ba ƙarya ta yi ba, can ba a neman sanarwa in yaro bai taɓa shiga makarantar gwamnati ba. Ke kuma kina New York, ɗaya daga cikin jihohin da suka fi tsanani, ki bi maganarta ki sha mamaki.

Littattafai da manhaja ba matsala, laburare kyauta ne, intanet ma cike yake. Takardar malanta ba a tambayar ki a New York. Takardun gwamnati ne suka kusa sa min hawan jini.

Ni ɗana yana aji uku na cire shi, babansa yana so ya fara hadda da wuri. Na faɗa wa malamarsa da baki, ta yi murmushi, na ɗauka shikenan magana ta ƙare. Ashe a kwamfutarsu kullum ana rubuta masa bai zo ba. Ana kiran wayata ina ganin baƙuwar lamba ina share ta. Rannan ina tsaka da tuƙa tuwo aka ƙwanƙwasa, wata mata daga hukumar kare yara da katin aiki a wuya, wai an kai rahoton sakaci da karatun yaro. Ta buɗe firij, ta duba inda yara suke kwana, ta ja yaron gefe tana masa tambayoyi, ni kuwa muciya a hannu na ma manta ban ajiye ba. Laifin nawa ne, ba na kowa ba. Wlh sati biyu ban yi barcin kirki ba.

To ga yadda ake yi a nan. Ki rubuta wasiƙar niyya zuwa hukumar makarantu ta yankinku kafin 1 ga Yuli, in kuma a tsakiyar shekara kika fara ko kika tare, cikin kwana 14. Kowace shekara fa ake sabuntawa, ba sau ɗaya ba. Za su aiko miki da fom da ake kira IHIP, tsarin abin da za ki koyar kenan, ki mayar cikin sati huɗu ko zuwa 15 ga Agusta, duk wanda ya fi nisa. Sai rahoto sau huɗu a shekara, awa nawa aka yi, me aka karanta, yaya ƙoƙarin yaron. Aji 1 zuwa 6 awa 900 ake so a shekara, aji 7 zuwa 12 awa 990. In ba ki kai kashi 80 na abin da kika ce za ki koyar ba sai kin yi bayani a rubuce. Ƙarshen shekara akwai auna fahimta, daga aji 4 zuwa 8 jarabawa aƙalla shekara ɗaya bayan ɗaya, daga aji 9 kuwa duk shekara, kuma in sakamako ya yi ƙasa sosai za a sa muku ido har shekara biyu.

Inda mutanenmu suke faɗawa shi ne nan: hadda ba ta tsaya a madadin darussan da doka ta lissafa. Lissafi, Turanci, kimiyya, tarihin Amurka, labarin ƙasa, kiwon lafiya, motsa jiki, zane, har da waƙa. Da na ga waƙa na yi tsaki, daga baya ƙasidu muka rubuta a gurbin. Alhamdulillahi muna da malamai, 'yan zangon Ghana da 'yan Nijar sun riƙe Islamiyyoyin unguwar nan da guminsu, yara suna sauka abin sha'awa. Amma ku tara yara goma ku damƙa wa malam ɗaya yini guda ku ce karatun gida kuke, a idon jiha wannan ya zama makaranta mai zaman kanta, wata dokar ce daban.

Masu manyan yara, ku sani jiha ba ta ba ɗan karatun gida shaidar gama sakandare. Sai dai wasiƙa daga shugaban makarantun yanki cewa karatunsa ya yi daidai da na makaranta, ko ya zauna jarabawar GED da ke tsayawa a madadin shaidar gama sakandare, kuma wasiƙar ba ta samuwa in rahotanninki da giɓi. A birnin New York wajibi ne yaro ya yi karatu daga shekara 6 har 17, kar wani ya ce miki ai ya girma.

Duk abin da kika tura ki ajiye kwafi, imel ɗin da suka amsa ki buga shi a takarda. Nawa suna cikin wata tsohuwar jakar Makka a ƙarƙashin gado, shekara biyar kenan, har da kalandar da nake rubuta awoyi a kai da jan biro. Wadda take son ganin yadda na cike nawa IHIP ɗin ta same ni bayan Juma'a a ɓangaren mata, amma don Allah ki zo kafin ki cire yaron.