Hitar Wanka Ta Ƙi Ba da Ruwan Zafi: Abin Dubawa Kafin a Sa Mata Makunnin Waya

Da hunturu ya kankama a Kaduna, daga Disamba zuwa Janairu, ruwan tankin sama da asuba sai ka ce daga firji aka ɗebo shi. A lokacin ne ake tunawa da hitar da ta yi wata takwas ba a waiwaye ta ba, a lokacin ne kuma ake tururuwa shagunan kayan wuta na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ana neman makunnin nan da ake sarrafawa da wayar hannu. Makunnin yana da amfani, amma aikinsa bai wuce ya ba hita wuta ko ya yanke mata ba. Ba ya gyara elemen, wato ƙarfen da ke ɗumama ruwa a cikin hita, idan ya ƙone, ba ya ƙara wa ruwa ƙarfi.

Ko a Ingila, inda gidaje da yawa ke amfani da tukunyar gas da suke kira kombi, wadda ke ɗumama ɗakuna kuma ta ba da ruwan zafi nan take ba tare da tanki ba, na'urorin bango da ake sarrafawa da wayar hannu, irin su Nest da Hive, ɗumin ɗaki kawai suke sarrafawa a kanta. Ruwan famfo, tukunyar ce ke kunna kanta idan ta ji ruwa na gudu. In ya zo da sanyi, a cikin tukunyar ake neman laifin, ba a bango ba. Haka abin yake ga hitocinmu na lantarki.

A fara da mai tanki, wadda ta fi yawa a gidaje: lita 15, 30 ko 50, da elemen mai wat 1,200 zuwa 2,000. Idan ruwa ya ƙi zafi kwata-kwata, a kashe bireka, a tabbatar da testa cewa babu wuta, sannan a kwance murfin roba. Tamostat, mai yanke wa elemen wuta idan ruwa ya kai zafin da aka saita, yana nan maƙale da elemen, kuma a jikinsa akwai ɗan ƙaramin maɓalli na kariya da ke yanke wuta idan zafi ya wuce ƙa'ida. A danna shi da bakin biro. In an ji ya yi "ƙas", shi ne ya faɗi. Sai dai ba ya faɗuwa haka siddan: ko tamostat ɗin ya daina yankewa da kansa, ko an kunna hitar babu ruwa a ciki. Idan ya sake faɗuwa cikin mako guda, a canza tamostat.

Elemen kuwa da mitar gwaji ake gane lafiyarsa. A cire wayoyin, a auna tsakanin ƙafafunsa biyu. Mai wat 1,500 zai nuna kusan om 35, mai wat 2,000 kusan om 26. In mita ba ta nuna komai ba, ya yanke. A sake aunawa tsakanin ƙafa ɗaya da ƙarfen jikin hitar. Nan bai kamata a sami haɗi ko kaɗan ba. In an samu, elemen ya tsage, kuma shi ne dalilin ɗan jan da ake ji a kan famfo idan hannu na jiƙe. Wannan ba abin jinkiri ba ne. A bar bireka a kashe har a canza shi, a kuma sa mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa, ya sa birekar kariya mai milli-amfa 30 idan babu.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne ruwan da ke ɗumi amma ba ya zafi. Sau da yawa hitar lafiyarta ƙalau, wutar ce ba ta da ƙarfi. Lissafin ba shi da wuya. Ɗaga zafin lita 30 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin kusan yunit 1.4, wato kamar minti 55 ga elemen mai wat 1,500 idan wuta ta cika bolt 230. Amma in ta sauko 180, kamar yadda take yi da almuru a unguwannin da taransfoma ta yi wa gidaje kaɗan, ƙarfin elemen zai koma kusan wat 920, lokacin kuma ya zama awa ɗaya da rabi. Mutum ya kunna minti talatin ya shiga wanka, dole ya fito yana zagin hita. A auna bolt a bakin hitar tana aiki kafin a zargi kowa.

Girman tanki ma yana da iyaka. Lita 15 a digiri 60, idan aka sirka da ruwan sanyi mai digiri 18 don a sami 40 na wanka, bai wuce lita 29 zai bayar ba. Mutum ɗaya a shawa ya shanye shi, na biyu sai haƙuri. Akwai kuma ɗaurin baibai: bututun da ke da alamar shuɗi na shigar ruwan sanyi ne, mai ja na fita. In fulamba ya juya su, ruwan zafi zai zo na ɗan lokaci ya koma sanyi, alhali tanki na cike da zafi a sama. Farin ɓurɓushin da ruwan bohol ke tarawa a jikin elemen yana sa hita ƙara kamar tukunya na tafasa, yana kuma rage wa elemen kwana.

Hitar nan-take, wadda ba ta da tanki, ita ce ta fi kama da kombi. Ba ta kunnuwa sai ruwa ya gudu da ƙarfi. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da "bar" ɗaya, wato ma'aunin matsin ruwa, don haka tankin da bai wuce mita uku a saman kan shawa ba yana ba da kusan 0.3 kacal. Shi ya sa za ka ga tana kunnawa tana mutuwa, ruwa na zafi yana sanyi. A wanke ragar tacewa da ke bakin shiga, a jiƙa kan shawa a ruwan tsami na binega, in bai isa ba a sa ƙaramin injin tura ruwa. Irin wannan ba ta buƙatar makunnin waya sam, tunda babu abin da za ta ɗumama a ajiye, kuma mai wat 5,500 tana jan kusan amfa 24, abin da zai narkar da yawancin makunnan.

Idan mai tanki ta tabbata lafiya, sai a zo ga makunni. A sayi wanda aka yi don hita, mai amfa 20, ba ƙaramin fulogi mai amfa 10 ba. Wayar wutar kada kaurinta ya gaza 2.5mm², kuma a ɗaure sukurori tamau, domin sako-sakon ɗauri ne ke fara ƙona makunni. Yawancinsu suna buƙatar wayar nutural a cikin akwatin bango, kuma masu aiki da manhajar Smart Life ko eWeLink galibi Wi-Fi mai 2.4GHz kaɗai suke kamawa.

Tamostat a bar shi wajen digiri 60. Rage shi zuwa 40 don tattalin yunit kuskure ne, domin ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa tsakanin digiri 20 da 45. Tattalin a lokaci ake yinsa. Ga mai son wanka kafin sallar asuba, a tsara ya kunna ƙarfe 4:00 ya kashe 5:30, a ƙara wani zagaye da yamma in da bukata.

Ɗauke wuta ne ke ɓata wannan tsari. Wasu makunnan suna manta lokaci idan wuta ta tafi, sai sun sake samun intanet, don haka a ɗora rauta, na'urar da ke ba da Wi-Fi, a kan inbata. Hitar kanta kuwa a ware mata layi daga inbata da ƙaramin janareta, in ba haka ba za ta kunna kanta da tsakar dare ta tsotse batir. A cikin manhajar akwai wurin zaɓar abin da makunni zai yi idan wuta ta dawo. A zaɓi ya zauna a kashe.

Sauran bawul ɗin da ke kan bututun shiga. Yana hana ruwan hita komawa baya idan tankin sama ya ƙare, kuma in babu shi hitar na iya tsiyayewa ta famfunan ƙasa, makunni ya zo ya kunna elemen a busasshe ba wanda ya sani. Ɗigon da yake yi yayin da ruwa ke zafi aikinsa ne. Kada a toshe bakinsa. A sa masa siririn tiyo zuwa magudana.