Yadda ake gane samfurin tsohuwar motar Ford da shekarar da aka ƙera ta

Duk wanda ya tsaya a gaban tsohuwar motar Ford, a gidan tarihi ne ko a wurin gwanjo ko ma a hoto, tambayoyi biyu ne za su fara zo masa: wane samfuri ne wannan, kuma a wace shekara ya fito? Amsar ta farko ba ta da wuya. Ta biyun ce ke cin lokaci, domin kamfanin ya shafe kusan shekara 19 yana ƙera samfuri guda da ake kira Model T, kuma kayan motar wata shekara sukan hau ta wata shekarar ba tare da gardama ba, abin da ya sa motoci da yawa da suka rage a yau haɗe-haɗe ne.

Ka fara da duba ɓangaren da sitiyari yake. Henry Ford ya kafa kamfaninsa a birnin Detroit na jihar Mishigan a ranar 16 ga Yunin 1903, kuma kafin Model T ya fitar da samfura masu haruffan A, B, C, F, K, N, R da S, waɗanda duk sitiyarinsu a dama yake. Model A ta 1903 ƙarama ce mai silinda biyu, injinta na ƙarƙashin kujera. Model K ta 1906 doguwa ce mai silinda shida, mai tsada, ba ta yi kasuwa sosai ba, yayin da Model N ta wannan shekarar, mai silinda huɗu da araha, ita ce ta share wa Model T hanya. Da Model T ta fito a watan Oktoban 1908 sai sitiyari ya koma hagu. Sai dai a kula, masana'antun kamfanin na Kanada da na Trafford Park a Mancesta ta Ingila sun ƙera Model T masu sitiyari a dama saboda ƙasashen da ake tuƙi ta hagu.

Daga nan sai ka leƙa wurin ƙafafun direba. Model T na da feda uku, amma babu totur a cikinsu: ta hagu ita ce ta giya, a danna ta ƙasa a samu ƙaramar giya, a sake ta gaba ɗaya a samu babba, ta tsakiya ta komawa baya ce, ta dama kuma birki. Totur ɗin wata siririyar sanda ce a ƙarƙashin sitiyari ta hannun dama, takwararta ta hagu kuma tana daidaita lokacin da wuta ke kamawa a cikin inji. Idan ka ga wannan tsari kuma babu sandar giya a tsakiyar mota, to Model T ce.

Wajen gano shekara, lagireto ne ya fi saurin ba da labari. Daga farko har zuwa 1916 na tagulla ne mai ƙyalli da kusurwoyi, daga samfurin 1917 kuma aka lulluɓe shi da ƙarfe mai baƙin fenti, bonet ɗin ma ya zama mai lanƙwasa. A 1926 da 1927 an samu masu farin ƙarfe mai sheƙi. Fitilu su ma suna taimakawa: kafin 1915 manyan fitilun gaba da gas suke aiki, ƙananan na gefe da na baya kuma da kananzir, saboda haka za ka ga ƴar ƙofar gilashi da ake buɗewa a kunna da ashana. A 1915 aka koma fitilun lantarki masu ɗaukar wuta kai tsaye daga inji, waɗanda haskensu kan ƙaru idan an taka wuta, ya dushe idan an rage gudu.

Launi kuwa, bai kamata a dogara da shi sosai ba. Maganar da ta yaɗu cewa duk Model T baƙa ce ba ta cika ba, domin daga 1914 zuwa 1925 ne kawai aka tsaya a kan baƙi. Kafin nan an yi ja da kore da ruwan toka da shuɗi mai duhu, kuma launuka sun dawo a 1926. Amma motar da ta haura shekara 90 da wuya a ce ba a sake mata fenti ba, wani lokaci ma fiye da sau ɗaya, kuma mai fentin ba lallai ne ya damu da abin da masana'anta ta yi ba.

Akwai wasu alamomi da ke rage tazarar. Sai a 1919 aka fara sa batir da sitata, saboda haka injin da aka yi masa gurbin sitata tun daga masana'anta bai girmi wannan shekara ba, ko da yake hannun da ake murzawa a gaba don tayar da inji bai ɓace ba har ƙarshe. A buɗaɗɗun motocin da aka ƙera a Amurka, ƙofar gefen direba ta daɗe tana zane ne kawai a jikin bodi, ba ta buɗuwa, sai a samfurin 1926 ta zama ta gaske. A wannan samfurin ne kuma aka ɗauke tankin mai daga ƙarƙashin kujera zuwa gaban gilashi a yawancin motocin, aka kuma fara ba da zaɓin tayoyi masu waya a maimakon masu sandunan katako.

Hujja mafi ƙarfi ita ce lambar inji. A mafi yawan motocin an buga ta a gefen hagu na injin, a saman inda bututun ruwa ke shiga, kuma sau da yawa sai an goge maiƙo da tsatsa da tsumma kafin ta bayyana. A guji kankare wurin da ƙarfe ko sanfefa, domin bugun ba shi da zurfi. Lambobin a jere suke tafiya: an kai miliyan 1 a Disambar 1915, miliyan 5 a Mayun 1921, miliyan 10 a Yunin 1924, sannan miliyan 15 a Mayun 1927, watan da aka sanar da dakatar da samfurin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa mafi yawan Model T na bayan 1920 ne, don haka duk wanda ya ce tasa ta zamanin tagulla ce, ya dace a nemi ƙarin hujja. Ƙungiyoyin masu irin wannan mota, kamar Model T Ford Club of America, suna da jadawalin lambobin wata-wata.

A nan ne kuma aka fi yin kuskure, domin lambar tana faɗin shekarun injin ne, ba na motar ba. Kamfanin ya ci gaba da ƙera injin Model T har 1941, kuma sauya inji abu ne da aka saba yi. Daga ƙarshen 1925 ne aka fara buga lambar a jikin shasi ma, saboda haka a motocin ƙarshe ana iya gwada biyun. Ban da haka, sabon samfuri yakan fara fita tun a tsakiyar shekarar da ta gabata, wanda ke nufin injin da aka buga wa lamba a ƙarshen 1925 yana iya zama na samfurin 1926. A ganina, idan lamba ta saɓa da bodi da lagireto da fitilu, su ukun kuma sun yarda da juna, shaidarsu ta fi tata nauyi.

Saura rikicin suna guda: akwai Model A biyu. Ta biyun ta fito a Disambar 1927 a madadin Model T, aka ci gaba da ƙera ta har 1931, kuma ana gane ta da sandar giya mai hawa uku, da kuloci da birki da totur a ƙafa, da birki a tayoyi huɗu, da inji mai ƙarfin doki 40, wato ninkin na Model T. Idan takardar mota ta ce Model A kawai, sai a ƙirga silinda: biyu ta 1903 ce, huɗu kuma ta 1927 zuwa 1931.